Gurbin Ƙwarya a Barandar Kakana

Ranar da Kaka ya rasu, wanda ya fara ba ni dariya a tsakiyar kuka shi ne abokinsa na yarinta, wani tsoho da kunnensa ya yi nauyi. An riƙo shi har ƙofar gida aka zaunar da shi a tabarma, aka ɗaga murya kusa da kunnensa aka ce, "Mai Kanti ya cika." Ya yi salati, sannan ya girgiza kai ya ce, "Halinsa ne. Ko masallaci za mu, sai ya riga ni." Ina soro ina miƙa butoci na ji shi, na yi dariya, dariyar ta koma kuka, har sai da aka janye ni ciki.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana na wajen uba, wanda duk garin Kura ke kira Mai Kanti, ya koma ga Ubangijinsa da hantsi, bayan ɗan zazzaɓin da bai kwantar da shi sosai ba.

A cikin gida, Gwaggo, babbar 'yarsa, ba ta ɗaga murya ba. Tana zaune a bakin gadonsa tana ninke rigunansa, ta ninke ta warware, ta sake ninkewa. Da na zauna kusa da ita sai ta ce, "Yanzu wa zai ƙara ce min yarinya?" Gwaggo tana da jikoki har da masu aure.

Baffa kuwa, babban ɗansa kuma yayan mahaifina, tun safe yana tsaye da waya a kunne, yana maganar likkafani da masu haƙa, kamar wanda aka ba shi kwangila. Bai karye ba sai da birkilan da ya yi gyaran kantin Kaka ya iso da siminti a ƙafarsa, ya durƙusa ya ce, "Alhaji, tun da nake gini ban taɓa haɗuwa da mai takura min irin tsohon nan ba. Wallahi yau na rasa mai takura min." Nan Baffa ya sauke waya ya rufe fuska da hannun riga.

Sababbin 'yan hayar kanti duk sun rufe shagunansu sun bi gawa. Bayan azahar kuma sai ga matan Fulani daga rugagen bayan kanal ɗin ban ruwa, a jere, kowace da ƙwaryarta a ka. Ranar ba su sayar da ko ludayi ɗaya ba, duk suka juye wa masu zaman makoki. Babbarsu, tsohuwar da muke kira Inna mai nono, ta kama hannuna ta ce, "Amaryar Mai Kanti, ya haƙuri?" Na ce, "Haƙuri sai ma'abucinsa, Inna." Ba ta saki hannun da wuri ba. Ni da ita mun san akwai magana a tsakaninmu da ba ta ranar makoki ba ce, maganar barandar kanti: ko ta ci gaba da zama wurin zamansu, ko a toshe ta da bulo ta zama shagona.

Ina rubuta wannan ne saboda yaran yanzu filaza suke ce wa wurin. Nan da 'yan shekaru ba wanda zai tuna an taɓa yin kanti a can, balle mai shi.

Kaka ya gina kantin ne a tsakiyar gari, lokacin da ruwan kanal ya zo, noman rani ya buɗe, manomi ya fara riƙe kuɗi a watan da a da sai dai ya zauna gindin bishiya. Ɗaki ɗaya ne ƙato, mai dogon kanta daga wannan bango zuwa wancan. Abin da babu a ciki sai dai abin da ba a yi ba: atamfa, fitila, rediyo, katifa, bokiti, irin tumatir, injin ban ruwa, har keken hawa a rataye a sama. Amare daga Bunkure da Kadawa a nan ake haɗa musu kaya. A gaban kantin kuma ya fitar da baranda mai faɗi, da ginshiƙai da rufin kwano, da randa a kusurwa.

Shi da bakinsa yake faɗa cewa a farko ba kowa ke shiga ba. Mutanen ƙauye suna tsoron gilashi, suna ganin duk wanda ya taka ciki sai an cuce shi. Yana zaune yana korar ƙuda wata rana sai wata Bafulatana, mahaifiyar Inna mai nono, ta tsaya a rana ta ce ko za a bar ta ta sauke a inuwa. Ya ce ta sauke. Kashegari ta zo da 'yan uwanta. Manoma suka fara tsayawa shan fura, wanda ya sha ya huta sai ya leƙa, wanda ya leƙa sai ya taya. "Nono ne ya buɗe min kasuwa," in ji shi. Ya ce wa matar muddin ginin nan yana tsaye, inuwar tasu ce, kuma bai taɓa karɓar ko cokalin man shanu a kai ba.

A barandar nan na taso. Ni ce jikarsa mace ta fari a cikin gidan, don haka ni ce amaryarsa, shi kuma angona ne mai rowa. In na shigo zai ce, "Ga amarya nan ta zo cin amanar kanti, ku ɓoye alewa." In ce, "Tsoho, da kai mijin kirki ne da ka yanka min atamfa." Ya ce, "Ki fara koyon tuwo." Har na yi aure na haihu ba mu daina ba. Ranar da aka kai ni ɗakin mijina sai da ya aika a gaya wa angon cewa saura ya ɗauka.

Mutum ne mai taurin kai, kada addu'a ta sa in ɓoye. Ba ya cin tuwon da aka tuƙa a kan gas, wai ba shi da ƙamshin wuta. Ba ya yarda a gyara masa lissafi ko da shi ya yi kuskure. In kuwa ka taya kaya ka rage da yawa, sai ya ɗauke kayan daga gabanka ya mayar kan kanta ya kama hira da wani, kamar ka mutu. Amma na sha ganin shanu sun shiga gonar tumatir ɗin wani, an taho da zafi za a tafi wurin hukuma, ya tare mai gona da mai shanu a baranda, ya sa a dama musu fura a ƙwarya ɗaya, ya ce ba mai magana sai an ga gindinta. Kafin a shanye rabi murya ta sauka, a yanke abin da za a biya, kowa ya kama gabansa.

Da zamani ya juya, ƙananan shaguna suka cika gari, mota ta yi yawa, mai son atamfa ya hau ya tafi Kano ya dawo kafin la'asar. Idon Kaka ma ya fara rauni. Aka rufe kanti, ya zama wurin ajiye buhunan shinkafa da kwanan jemagu. Baranda kaɗai ba a rufe ba. Kullum bayan hantsi zai sa a kai masa kujerarsa can, ya zauna a gaban rufaffiyar ƙofa, matan nono a gefe, randa cike da ruwa.

Baffa ne ya kawo shawarar gyara. Ya ce ginin yana lalacewa a banza, gara a yanka shi gida-gida a zuba 'yan haya. Mun zaci za a sha daga, sai Kaka ya ce, "Ku yi. Ciki naku ne." Aka cire dogon kanta, kafinta ya yanka katakonsa ya yi benci. Aka sauke tsohon silin da kashin jemagu, aka sake kwano, aka ja bango a tsakiya da lungu mai ratsawa, shaguna hagu da dama, kowanne da ƙofar ƙarfe da tayil. Tun ana fenti aka kame su: mai waya, mai cirar kuɗi, mai taki da maganin feshi, mai kemis, da wani yaro ɗan boko mai buga takardu. Da abin da suka bayar tun farko aka yi aikin, don haka ba a iya hana kowa nasa.

Ni kuwa tela ce. Na daɗe ina ɗinki a ɗakina, tsakanin gado da kwanuka, yara suna taka min yadin mutane. Daɓen ɗakin ba daidai yake ba, kekena kullum rawa yake, sai na ninke kwali na cusa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Duk sanda Kaka ya zo duba mu sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Keke na rawa, mai shi na rawar kai, Allah Ya jiƙan rigar mutane." Ina son shago kamar in yi me. Ina son ƙofa da kwaɗo, da allo mai sunana a sama. Mijina ya amince. Da na je wa Baffa da maganar ya ce ciki ya ƙare, amma in aka ja bulo tsakanin ginshiƙan baranda, shago zai fita wanda ya fi duk na ciki, ga shi a bakin titi. Ya ce, "Naki ne, 'yata."

Kaka ya ji. Ya aika aka kira mu, ni da Baffa, ya ce, "Na ce ciki naku ne. Yaushe na ce waje?"

Baffa ya ce, "Baba, ai ba korarsu za a yi ba. Ga gindin darbejiya can bayan tasha."

"Kai ka taɓa zama a can da azahar?"

Na sa baki na ce, "Tsoho, in kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take."

Ya juyo da idon nan nasa da ya yi fari-fari ya ce, "Kiɗa ne ya canza, amarya. Rana tana nan da zafinta."

Na ce masa wadda ya yi wa alkawarin ta daɗe a ƙasa. Ya ce ai ba ce mata ya yi muddin tana raye ba, cewa ya yi muddin gini yana tsaye, in muna so mu rushe ginin. Na ce ni jininsa ce, su ba jininsa ba ne. Wannan ta shige shi, na ga alama, don ya daɗe yana murza kan sandarsa. Daga ƙarshe ya sa Baffa ya yi masa alkawari ba za a ɗora bulo ko ɗaya a baranda ba yana numfashi. "In na tafi," ya ce, "ku da Allah."

Na fita ina huci. Har yau ban ga laifina ba a son shago, kuma ba zan ce na gani ba don ya mutu.

Abin da ya biyo baya shi ne ranar zuba daɓe. Daɓen baranda ya farfashe, dole a sake shi ko da bango ko babu. Ni ina gidan suna a Bunkure ranar. Na dawo da la'asar na tarar da kekena a tsakar gida, ƙafafunsa huɗu duk siminti. Surukata ta ce Mai Kanti ne ya aiko mai baro, wai a ara masa zai duba wani abu. Ko mayafi ban gyara ba na nufi kanti.

Na tarar da Baffa ya dafe kai, birkila yana gefe yana cika yana batsewa. Ashe sai da ya gama shafe daɓen sumul, yana wanke cokalinsa, Kaka ya kira matan nono ya ce kowace ta naɗe gindin ƙwaryarta da leda, ta zo ta dangwala a ɗanyen siminti daidai inda ta saba zama. Suka yi ta noƙewa, ya daka musu tsawa, suka yi. Ga daɓe nan sabo fil, da ramuka zagaye-zagaye a jere kamar an kwashe ƙwai. Mai tayil da ya zo aunawa ya ɗauka kuskure ne, har ya ce kada a damu, zai cike su ya daidaita. Kaka ya nuna shi da sanda ya ce in ya cike ɗaya sai ya cike bakinsa.

Shi kuwa gogan yana kan kujera yana gadin daɓe kada awaki su taka. Ya ce, "Ƙwarya ba ta zama a kan tayil, gangarawa take. Duk shekarun nan da gammo suke tokare ta. Yanzu kowace ta samu gurbinta."

Na ce, "Ni kekena na zo tambaya."

Ya nuna can ƙarshen baranda, wajen da inuwa ta fi daɗewa, kusa da inda aka fito da wayar wuta. Ƙananan ramuka huɗu ne a wurin. Ya ce, "Ga naki gurbin. Da yamma a shigar miki da shi lungu a kulle."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ni za ka zaunar a waje kamar 'yar talla?"

Ya ce, "Ni ɗan talla ne, a ka na fara ɗaukar koli, kuma ni na haifi ubanki." Matan nono suka sunkuyar da kai suna dariya. Ya ƙara da cewa, "Wuri na ba ki, amarya. Bango ne na hana ki."

Na ce ya riƙe wurinsa. Na koma gida na kankare siminti daga ƙafar keke da wuƙa, ina yi ina mita, na mayar da kwalina.

Kada a ɗauka gaba muka yi. Kashegari ma ni na kai masa kunun gyaɗa. Aka buɗe shaguna, aka yi addu'a, ya zauna a barandarsa yana ba sababbin 'yan kasuwa shawarar da ba su tambaya ba. Yakan ce wa mai waya, "Kanti ciki ne, baranda fuska. Ka gaida mai zama a waje, shi ne mai sayenka na gobe." In na je sai ya ce, "Gurbinki yana ta tara ƙasa." In ce, "Shuka tumatir a ciki." Haka muka yi ta yi, ba wanda ya sauko, har zazzaɓin ya zo.

Bayan addu'ar bakwai Baffa ya kira ni ɗakinsa. Ya rame. Ya ce, "Alkawarin da na yi wa tsoho na ransa ne, na cika. Wanda na yi miki yana nan. Na yi magana da Gwaggonki da babanki, ba mai ja. An sauke bulo, gobe birkila zai zo. In kin ce a ɗora, a ɗora." Na so ya yanke da kansa in samu wanda zan ɗora wa. Bai yi min wannan gatan ba.

Da safe na tafi, kuma da niyyar cewa a ɗora na tafi. Bulo yana jibge a bakin titi, birkila ya ɗaura igiya daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, lebura ya watsa ruwa ya share daɓen. Kujerar Kaka tana jingine da bango, ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗauke ta. Birkila ya gaishe ni ya ce, "Hajiya, ke muke jira." Bai kalle ni ba.

Muna haka sai ga matan nono sun ɓullo ta hanyar kanal. Da suka ga bulo da igiya suka tsaya a tsallaken kwata, a cikin rana, ba wadda ta taɓa ƙwaryarta. Sun yi tafiya mai nisa, gumi yana bin wuyansu. Inna mai nono ta matso ita kaɗai har bakin igiya. Ba ta roƙe ni ba, ba ta ambaci alkawari ba, ba ta kira sunan mamaci ba. Cewa ta yi, "Amarya, a sauke ko a wuce?"

Na kalli daɓen. Ruwan da aka watsa ya taru a gurabun, kowanne ya cika. Ban taɓa tsayawa na dube su ba sai ranar, kullum da fushi nake wuce su. Na tuna ita ma uwarta a rana ta tsaya ta yi wannan tambayar, kuma amsar da aka ba ta ce ta ciyar da gidanmu har ta kai kaina.

Na ce, "Ku sauke, Inna."

Birkila bai jira na ce masa komai ba ya fara kwance igiya. Na kama wa Inna ƙwaryarta muka sauke tare, ta zauna a gurbinta daram, nonon ko motsi bai yi ba.

Na aika a ɗauko min kekena, na ce gwadawa kawai zan yi, don kada a ce tsoho ya ci ni da yaƙi. Mai baro ya kawo, muka ja shi zuwa ƙarshen baranda, ƙafafun nan huɗu suka faɗa ramukansu. Na jawo kujerar Kaka na zauna, na zaro ninkakken kwalina daga jaka kamar yadda na saba, na sunkuya zan cusa. Babu inda zan cusa shi. Na taka keke, na ƙara takawa da ƙarfi, bai yi rawa ba. A nan na kifa kai a kansa na yi kukan da ya fi na ranar jana'iza, Inna tana dafe da bayana tana cewa in yi haƙuri.

Bulon, Baffa ya sa an yi dakali da shi a gefen randa. A barandar nake ɗinki yanzu. Ƙura tana damuna, in an yi ruwa da iska sai na kwashe yadi da gudu, kuma har gobe in na ga mai waya yana datse kwaɗonsa da yamma sai na ji wani abu. Allo mai sunana yana rataye a jikin ginshiƙi. Mai shan fura yakan leƙo ya tambayi kuɗin ɗinki, yadda aka ce ana yi tun kafin a haife ni.

Allah Ya jiƙan angona mai rowa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci. Ya Allah, Kaka ya ba bayinKa inuwa a duniya bai karɓi komai ba. Ya Allah, Ka saka shi a inuwarKa ranar da babu wata inuwa sai ita.